Daga Bitrus zuwa Sufeto Waziri: ina lambobin yabon Sadiq Daba?

Wani matashi daga Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina, ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana kallon fim ɗin October 1 a waya, mahaifinsa ya leƙo ta bayansa, ya ga dattijon da ya fito a sufeton 'yan sanda, sai ya ce, "Kai, wannan ai Bitrus ne!" Shi kuwa yaron bai san wani Bitrus ba. Da ya bincika ya tarar sunan mutumin Sadiq Daba, ya kwashe kusan shekara arba'in ana ganinsa a talabijin, amma lambobin yabon da ya iya ganowa ba su taka kara sun karya ba. Ya rufe da cewa: "Baba, in da gaske gwani ne, ina kambunan? Ko dai tsofaffi ne kawai ke kambama nasu?"

Ɗana, da farko ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce masa idonsa bai tsufa ba. Bitrus ɗin ne kuwa.

Na yi shekaru ina shirya wasan kwaikwayo a rediyo da talabijin kafin in ajiye aiki, na kuma sha zama a kujerar alƙalanci a gasar wasannin makarantu da ta ƙungiyoyin dirama, saboda haka zan ba ka amsar daga ciki. Lambar yabo ba ta ƙirga shekarun da mutum ya yi yana aiki. Abin da take dubawa fim ɗaya ne, na shekara ɗaya, wanda wani ya cika takarda ya shigar da shi gasa kafin a rufe karɓa. Sadiq Daba kuwa ya ci ganiyarsa ne a zamanin da ba a buɗe wannan kasuwa ba tukuna.

A Saliyo ya tashi, mahaifinsa Bakano ne, a can ya yi sakandare. Daga nan ya samo irin Turancin da ka ji a bakinsa, da muryar nan mai kauri wadda ba ta yi kama da siririn jikinsa ba. Da ya dawo Nijeriya aikin watsa labarai ya kama, ya taɓa Kaduna da Sakkwato, ya zama ma'aikacin NTA. Ka riƙe wannan, don shi ne mabuɗin maganar. Mutumin ma'aikacin gidan talabijin ne mai jiran albashin ƙarshen wata: yana gabatar da shiri, yana shirya na wasu, in an buƙaci ɗan wasa a ce zo ka tsaya nan. Yawancin 'yan wasan wancan zamani haka suke. Wasa wani reshe ne na aikin ofis, ba sana'ar da ake ciniki a kanta ba.

Sunan Bitrus ya samo shi ne a shirin Cockcrow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980, lokacin da gwamnatin Shagari ke kiran mutane su koma gona. Peter Igho ne ya jagoranci shirya shi, bankin UBA ya ɗauki nauyi, aka ɗauke shi a wajajen Jos. Labarin wani magidanci ne, Bello, wanda zaman birni ya gagara, ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauye noma. Daba ya fito a Bitrus, yaro mai ƙiriniya da rawar kai. Marigayi Kasimu Yero ya fito a Gaga, dattijon nan mai taurin kai da neman fitina, wanda ke sa ka ji kamar ka shiga cikin akwatin ka ja masa kunne.

Bari in nuna maka yadda ake kallonsa a nan, don ka gane abin da ya sa mahaifinka ya yi wannan ihun. Lokacin Katsina tana ƙarƙashin Jihar Kaduna, sai 1987 muka samu tamu. A layinmu gida ɗaya ne ke da talabijin, baƙi da fari, mai ƙofar katako da ake zugewa a rufe kamar kabad. Maigidan yakan sa a fito da ita bakin zaure a ɗora kan tebur, a shimfiɗa wa yara tabarma, manya su jera a dakali. Eriya tana can a kan dogon ƙarfe, kuma kullum sai an samu yaro ɗaya da za a tura ya riƙa murɗa ta, ana yi masa ihu daga ƙasa: "Ƙara kaɗan! Koma! Tsaya nan, kada ka motsa!" Shi wannan bawan Allah sai dai ya ji labari gobe. Da waƙar buɗe shirin ta Bongos Ikwue ta tashi, har mai tsiren bakin titi yakan bar wa yaronsa tukuba ya matso. Rabin masu kallon ba su jin Turanci. Akwai wani ɗan sakandare da ke fassarawa, amma sau da yawa kafin ya buɗe baki tsofaffin sun riga sun fashe da dariya, don fuskar Bitrus ta gama gaya musu cewa ƙarya yake shirin shararawa. Na daɗe ina tunanin wannan bayan na shiga aikin sosai. Ɗan wasan da zai sa wanda ba ya jin harshen ya riga tafinta dariya, ya iya aikinsa.

Kuma ka tuna babu wata tashar da za a juya. Abin da ake kallo a Katsina shi ake kallo a Inugu da Ibadan da Maiduguri a daren. Ladan da ɗan wasa ke samu a lokacin suna ne. Ka duba abin mamaki: Musulmi, mai suna Sadiq Abubakar, ƙasa guda ta bi shi da sunan Bitrus har ya koma ga Mahaliccinsa. Haka aka yi wa Usman Baba Pategi, wanda in ba ka ce Samanja ba ba wanda zai gane wa kake nufi. Haka namu na gida, marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, wanda Kasagi ya cinye sunansa na yanka.

To yanzu ɗauko alƙalami ka yi lissafi. Gasar AMAA, wadda ita ce babba a finafinan Afirka da ake shiryawa daga Nijeriya, a 2005 aka fara ta. Bikin finafinai na AFRIFF a 2010. Gasar AMVCA kuwa, ita ma ta finafinan Afirka, sai 2013. Tsakanin fara Cockcrow at Dawn da AMAA ta farko shekara 25 ce cur. Babu kuma gasar da ke waiwayawa ta ce bari mu ba gwarzon 1981 kambunsa. Kasimu Yero, wanda ya yi Karambana da Magana Jari Ce, ya rasu a 2017. Samanja ya rasu a 2023. In da yawan allunan da ke rataye a bango ne ma'auni, da sai mu ce yaron da ya fara fim shekaranjiya ya fi su, kuma ko kai ba za ka yarda da wannan ba.

Akwai dalili na biyu. Da harkar bidiyo ta ɓarke, Turmin Danya a Kano a 1990, Living in Bondage a kudu a 1992, wasu 'yan talabijin sun tsallaka sun shiga kasuwar kaset, ana fim a mako biyu a kai kasuwa. Daba bai zama ɗan wannan kasuwa ba. Ya ci gaba da aikinsa na gidan talabijin, fitowarsa a finafinai ta zama jefi-jefi. Kwatanta shi da Ali Nuhu, wanda na san shi ne ke ranka ko da ba ka ambace shi ba. Ali ya shigo daidai lokacin da ake kafa gasannin, ya karɓi lambar AMAA ta ɗan wasa mai tasowa a 2007 da fim ɗin Sitanda, yana Kano yana Legas, finafinansa sun fi a ƙirga. Kowace shekara yana da abin shigarwa. Wannan ƙoƙarinsa ne, ba mai rage masa. Sai dai wanda ya shuka gona ɗari da wanda ya shuka uku, ba a auna iya nomansu da yawan dammunan da suka ɗaure.

Sai ga October 1. Kunle Afolayan ne darakta, Tunde Babalola ya rubuta, aka sake shi ranar 1 ga Oktoba, 2014. Labarin yana faruwa ne a watan Satumban 1960, ana saura kwanaki a karɓi mulki. Turawa suka tura Sufeto Ɗanladi Waziri, ɗan Arewa, wani gari a ƙasar Yarbawa mai suna Akote, inda ake ta kashe 'yan mata, suka ce ya gano mai yi kafin ranar 'yanci. Ba zan faɗi wanda ke kisan ba, saboda masu karatu da ba su kalla ba. Afolayan ya sha wahalar samun wanda zai hau wannan matsayi. Yana son ɗan Arewa mai zubin mutanen wancan zamani, ga shi Daba ya daɗe ba a gan shi a babban aiki ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu magana.

Nan nake so ka koma ka sake kallo, amma da idon mai koyo. Matsayin Waziri tarko ne ga ɗan wasa. Ba ya soyayya, ba ya barkwanci, ba shi da wani dogon jawabin kuka da zai ja masa tafi. Mutum ne baƙo a garin da ba ya jin harshensu, dole sai sajansa ya yi masa tafinta, mutanen gari ba su sake da shi ba, Turawan da suka aiko shi kuma ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Yawancin aikinsa sauraro ne. Kuma sauraro shi ne abin da ya fi ba 'yan wasa wuya. Na sha tsayar da ɗauka saboda wannan: yaro ya gama faɗin layinsa, sai fuskarsa ta mutu, yana jiran a zo kansa, kana iya ganin leɓɓansa suna bitar abin da zai faɗa a gaba. Duba Daba lokacin da wani ke magana. Idonsa na aiki, yana auna mai maganar, kana ganin inda ya yarda da inda ya ajiye abu a ransa. Duba tsayuwarsa cikin kakin nan da gajeren wando, ƙafa a haɗe, kafaɗa a miƙe, irin ta mutumin da horon Turawa ya ratsa har ƙashi. Sai ka lura da yadda tsayuwar ke sassautawa sannu a hankali yayin da yake gano cewa gaskiyar da aka aiko shi nema ba a son ta. A ƙarshe, inda yake gaban manyansa Turawa suna nuna masa a binne maganar, muryar ba ta tashi sama sosai ba, amma kana jin tafasar da ke ƙasa. Wannan horon rediyo ne. Wanda ya yi shekaru a gaban makirfo ya san ba sai an ɗaga murya ake jin zafinta ba, ya san inda ake tsayawa a ja numfashi, ya san nauyin shiru na daƙiƙa biyu.

Da wannan aiki ya karɓi lambar gwarzon ɗan wasa a AFRIFF a Kalaba a 2014, sannan ya karɓi ta gwarzon ɗan wasa a AMAA ta 2015, wadda aka yi a Afirka ta Kudu. Ba ƙaramar shekara ba ce kuwa, don a bikin ne Timbuktu na Abderrahmane Sissako ya zama gwarzon fim. Wato shekara 35 bayan Bitrus kafin babban kambu ya iso hannunsa, yana da shekara sittin da 'yan kai.

Ga kuma abin da zai ƙara buɗe maka ido. A AMVCA ta 2015 fim ɗin October 1 ya kwashe lambobi tara, har da ta gwarzon fim, Kehinde Bankole ma ta samu ta gwarzuwar 'yar wasa. Amma ta gwarzon ɗan wasa wani ta tafi wa. Wasa ɗaya, mutum ɗaya, wuri biyu an ba shi, wuri na uku ba a ba shi ba. Ba wani abin ɓoye a ciki. Wata gasar alƙalai ne ke zama su kalla su yanke, wata kuma akwai rukunonin da masu kallo ke jefa ƙuri'a ta waya da intanet. Inda ake ƙuri'a, wanda ke da matasa masu data a hannu shi ke da rinjaye. Masoyan Bitrus su ne irin mahaifinka, kuma ban ga ranar da zai zauna yana latsa waya don ya zaɓi ɗan wasa ba.

Ko inda alƙalai ke yankewa, kada ka ɗauka wahayi ake saukar musu. Na taɓa zama mu biyar a wata gasar ƙungiyoyin dirama. Akwai wani yaro da ya fito a makaho, bai fi minti shida a dandali ba, amma da ya miƙa hannu yana lalube sandarsa sai da zauren ya yi tsit. Ni da mutum ɗaya muka ba shi. Sauran ukun suka ba wanda ya fi yawan magana da kuka, ɗayansu ma ya ce ai shi ne ya fi shan wahala, ya jiƙe sharkaf da gumi. Uku ta rinjayi biyu, muka sa hannu, aka tafa. Mai gumin ya tafi da kofi. Ban ce an yi zalunci ba, ra'ayi ne ya bambanta, amma tun ranar in na ga an ɗaga kofi nakan tambayi kaina su wa suka zauna, nawa da nawa aka tashi.

Sannan akwai wata karramawar da ba gasa ba ce sam. Bayan na ajiye aiki wasu samari suka zo har gida da wasiƙa mai tambarin zinariya, wai an zaɓe ni cikin waɗanda suka yi wa al'ada hidima. Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba, har na sa aka kawo musu lemo. Sai a shafi na biyu na ga kuɗin teburi, da kuɗin shafi a mujallar biki, da abin da suka kira gudummawa. Na ce a bar ni da hidimata haka nan. Da yawa daga allunan da kake gani a falon mutane ta wannan hanya suka shigo. Saboda haka in ka ga an jero wa mutum lambobi talatin, tambayi uku: wa ya bayar, da wane aiki, su wa aka kayar. Biyun nan na Daba suna amsa duka ukun.

Amma ka tambaye ni ko tsofaffi na kambama nasu. Muna yi mana. Ba duk abin da aka yi a da ne zinariya ba. Wasu shirye-shiryenmu in ka kalla yau sai barci ya ɗauke ka, ga jan labari, ga sauti kamar daga cikin rijiya. Kuma ba zan ce maka Sadiq Daba ya fi kowa ba. Finafinansa na silima kaɗan ne, kuma ayyukan da aka san shi da su da Turanci ya yi su. In wasan Hausa tsantsa ake magana, inda ake juya harshe a yi habaici a yi gatse, ni a wurina Kasimu Yero yana gaba, wasu kuma za su ce Samanja, mu kwana muna gardama. Abin da nake tsayawa a kai shi ne, sau ɗaya aka ba Daba babban matsayi a fim ɗin da ya cika sharuɗɗan shiga manyan gasanni, mai kyan hoto da sauti da furodusan da ya san hanyar shigarwa, kuma a wannan karon ya ɗauko kambun Afirka. Su Kasimu ko wannan damar ba su samu ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba ƙarancin kambun ba ne. A 2017 aka sanar cewa yana fama da sankarar jini da ta mafitsara (prostate). Sai da aka fito neman taimakon jama'a kafin a kai shi Ingila magani, shekara biyu kacal bayan an kira shi gwarzon ɗan wasan Afirka. Allon yabo ba ya sayen allura. Mutanen wancan zamani an biya su sau ɗaya ne, ko albashi ko ɗan alawus, ko da za a maimaita shirin sau ɗari ba sisin da ke biyo su. Ya ɗan samu sauƙi har ya sake fitowa a Citation, wani fim ɗin na Afolayan, a 2020. Ya rasu a Legas ranar 3 ga Maris, 2021. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.

Ko aikin nasu ma ba duka ya tsira ba. Da hannuna na taɓa ɗaukar kaset ɗin wani wasa da muka sha wahalar ɗauka a ƙauye, kwana huɗu muna kwana a aji, aka ce in miƙa a ɗora labaran yamma a kai saboda babu sabon kaset a sito. Na miƙa. Dattijon da ya ja wasan ya rasu da daɗewa, jikokinsa sun zo sun tambaye ni ko akwai inda za su ga kakansu yana motsi, na rasa abin ce musu. Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin 1976 da aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ya yi sa'a: an gano faifansa a ma'ajiyar hukumar finafinai, aka gyara, har aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin, a Jamus, a 2018. Da yawa ba su yi wannan sa'ar ba. Wannan ma yana cikin abin da ya sa in ka bincika tsohon ɗan wasa a intanet sai ka ga layi uku, ka zaci iyakarsa ke nan.

Ka yi mini abu ɗaya. Nemi wurin da Waziri ke yi wa ɗan Arewan nan da aka kama bisa zargi tambayoyi, ka kashe sautin wayar gaba ɗaya, ka kalli fuskarsa kawai. In ka gama, ka kai wa mahaifinka wayar, ka kunna masa waƙar buɗe Cockcrow at Dawn, tana nan a YouTube. Sannan ka tambaye shi, a layinsu wa ake turawa murɗa eriya. Ina zargin shi ne.